Bishop Crowther a Hannun Marubuta Biyu

Ranar 31 ga watan Disamba na 1891 wani dattijo ya rasu a birnin Legas yana da shekaru fiye da 80, bayan ƴan watanni yana jinyar shanyewar ɓarin jiki. Sunansa Samuel Ajayi Crowther, baƙar fata na farko da Cocin Ingila, wato ɗarikar Anglikan, ta naɗa bishop. Daga ranar zuwa yau an yi ta rubuta tarihinsa, amma littattafai biyu ne suka zama uwa ga saura. Na farko shi ne The Black Bishop, wato Baƙin Bishop, wanda Bature Jesse Page ya wallafa a 1908. Na biyu shi ne Christian Missions in Nigeria 1841-1891, wanda masanin tarihi J. F. Ade Ajayi na Jami'ar Ibadan ya fitar a 1965. Duk abin da mai karatu ya taɓa ji game da wannan mutum, da wuya bai fito daga ɗayan biyun nan ba.

Manufar wannan nazari ita ce a auna hoton da kowane marubuci ya zana, a ga abin da ya fito fili da abin da ya dushe. Maganar ta shafe mu, mu malamai da masu hidimar harshe, domin Hausa tana nan a farkon aikin Crowther, tana nan a ƙarshensa, kuma a gefen labarin akwai wani yaro ɗan ƙasar Damagaram da ya kamata a aje shi kusa da bishop ɗin a kwatanta.

Rayuwar a taƙaice

An haifi Ajayi wajen 1809 a garin Osogun na ƙasar Oyo. A 1821 mahara suka faɗa wa garin suka ƙone shi. A wasiƙar da ya rubuta a 1837 ya bayyana su da cewa Musulmin Oyo ne da Fulani da wasu bayi da suka gudu daga iyayengijinsu. Aka yi ta sayar da shi daga hannu zuwa hannu, har aka taɓa musayarsa da doki, daga ƙarshe ya faɗa hannun fataken Fotugal a Legas. A watan Afrilu na 1822 jiragen yaƙin Ingila masu farautar fataken bayi suka tare jirgin da ke ɗauke da shi, aka sauke shi a Firitawun ta ƙasar Saliyo. Can aka yi masa baftisma a 1825, ya ɗauki sunan wani limamin coci na Landan, kuma a 1827 ya zama ɗalibi na farko a makarantar Fourah Bay.

A 1841 gwamnatin Ingila ta tura jirage uku su hau kogin Kwara. Ƙungiyar mishan ta cocin, wadda aka fi sani da CMS, ta sa mutum biyu cikin ayarin: wani Bajamushe, James Frederick Schön, da Crowther, wanda aka umarce shi ya koyi Hausa saboda tafiyar. Masassara ta kashe fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na Turawan ayarin, aka juyo daga Egga ta ƙasar Nufe. Darasin da CMS ta ɗauka shi ne aikin bakin kogi sai ƴan ƙasa. Aka naɗa Crowther limamin coci a Landan a 1843. A 1846 ya isa Abekuta, inda ya sadu da mahaifiyarsa bayan rabuwar kimanin shekaru 25. Ya sake hawa kogin a 1854, ya kafa mishan ɗin Kwara a 1857, sannan ranar 29 ga Yuni na 1864 aka naɗa shi bishop a babbar majami'ar Kantabari.

Hoton Jesse Page: bawan da aka ceto

Page marubucin tarihin ƴan mishan ne, kuma ya rubuta littafinsa domin Turawan Ingila masu ba da gudummawar kuɗi a coci. Wannan shi ya tsara masa komai. Labarin yana tafiya kamar tatsuniyar maraya da ya zama sarki: ga duhu, ga sarƙa, ga jirgin ceto, ga makaranta, ga fadar Sarauniya Victoria inda Crowther ya karanta addu'a da Yarabanci a 1851, ga rigar bishop. Kowane mataki hujja ce cewa kuɗin masu bayarwa bai faɗi banza ba.

Dole a yaba wa Page a kan abu guda. Ya kwaso dogayen sassa daga wasiƙu da kundin tafiye-tafiyen Crowther ya zuba cikin littafin, ta yadda mai karatu ke jin muryar mutumin da kansa. Muryar kuwa ta mai lura ce: yana ƙirga kwanakin tafiya, yana tambayar farashin kaya a kasuwa, yana rubuta sunan kowane gari da harshen da ake ji cikinsa. Inda Page ya yi shiru ya bar bishop ya yi magana, nan littafin ya fi armashi.

Aibin littafin yana cikin kalmar da ya fi so ya jingina wa gwarzonsa, wato tawali'u. A wurin Page, Crowther mai haƙuri ne, mai godiya, mai sunkuyar da kai, kuma ana yabon waɗannan halaye kamar yadda ubangida ke yabon bara mai ladabi. Basirarsa ana kawo ta a matsayin abin mamaki, kamar ba a zaci samunta ga irinsa ba. Da aka zo rikicin da ya rufe rayuwar tsohon, Page bai tsaya ya tone shi ba, ya bi ta kansa da lallausan harshe, domin waɗanda suka haddasa shi ƴan gida ne ga masu karatunsa. Littafin da ya kwashe shafuffuka yana siffanta zaluncin fataken bayi ya rasa bakin faɗin abin da ƴan uwa cikin addini suka yi.

Hoton Ade Ajayi: dattijon da aka tozarta

Ajayi ya rubuta nasa shekaru biyar bayan Nijeriya ta sami ƴancin kai, lokacin da masana tarihi na Ibadan ke ƙoƙarin karɓe labarin Afirka daga hannun Turawa. Ya shiga taskar takardun CMS ya karanta abin da Page ya tsallake. Crowther ba shi kaɗai ne batun littafin ba, amma shi ne ginshiƙinsa, kuma shekarun da ke kan bangon, 1841 zuwa 1891, shekarun aikinsa ne.

Ajayi ya nuna cewa naɗin 1864 tunanin Henry Venn ne, sakataren CMS, wanda ya yi imani cewa cocin kowace ƙasa ya kamata ya ciyar da kansa, ya mulki kansa, ya yaɗa kansa. Turawan mishan da ke ƙasar Yarabawa, musamman Henry Townsend na Abekuta, suka ƙi yarda baƙar fata ya shugabance su. Sai aka yi dabara: aka ba Crowther ƙasashen da ke bayan iyakar mulkin Sarauniya, aka cire masa Legas da Abekuta da Ibadan. Mutumin da ya fi kowa sanin Yarabanci a cocin aka tura shi ya yi bishop cikin Ibo da Nufawa da Ijo, waɗanda bai tashi da harsunansu ba. Ma'aikatansa yawancinsu ƴan Saliyo ne, baƙi a bakin kogin, albashinsu kaɗan, tashoshinsu a warwatse daga bakin teku har Lakwaja. Shi kansa yana zaune Legas, sai ya jira jirgin ƴan kasuwa kafin ya kai musu ziyara. Da aka samo wa mishan ɗin jirginsa a 1878, Bature aka damƙa wa shi.

Venn ya rasu a 1873, zamani kuma ya juya. Maganin kwini ya sa Turawa sun daina mutuwa kamar dā a bakin kogi, kamfanin George Goldie ya haɗiye cinikin Kwara ya kori ƴan kasuwar Afirka, ya sami takardar izinin mulki a 1886. Sai ga wasu samarin Turawa masu zafin addini sun iso a 1890, cikinsu har da Graham Wilmot Brooke, ɗan shekara 25, da John Alfred Robinson. Burinsu shi ne su kai bishara ƙasar Hausa, suka sauka Lakwaja, suka sa riguna irin na ƴan ƙasa. Kafin su taka ko'ina suka juya kan ma'aikatan bishop, suna tuhumarsu da ciniki da shaye-shaye da lalata. A taron kwamitin kuɗi da aka yi a Anaca cikin watan Agusta na 1890, aka dakatar da limaman da bishop ya naɗa da hannunsa a gabansa, har da ɗansa Dandeson. Tsohon ya aje kujerar shugabancin kwamitin. Bayan rasuwarsa Bature aka naɗa a gurbinsa, kuma ɗan ƙasa bai sake riƙe yankin bishop da cikakken iko a Nijeriya ba sai a 1952.

Wannan babi na Ajayi yana da ƙarfi domin bai yi ihu ba. Ya jera takardu, ya bar su suka yi shaida. Bai kuma ɓoye cewa wasu tuhume-tuhumen gaskiya ne ba: a Anaca wasu ma'aikatan mishan sun taɓa azabtar da wata yarinya har ta mutu, kuma bishop mutum ne mai jinkirin hukunci, mai son ya ji hujja kafin ya kori kowa. Abin da Ajayi ya tabbatar shi ne an ɗauki laifin wasu aka shafa wa launin fata gaba ɗaya.

To amma shi ma wannan hoto yana da inuwarsa. Tun da tarihin tasowar ƴan boko Ajayi ke bi, mai karatu yana rufe littafin da Crowther a zuciyarsa a matsayin kakan ƴan kishin ƙasa, balle ma jikansa Herbert Macaulay shi ne ya zama jagoran siyasar neman ƴanci a Legas. Alhali bishop ya yarda da ƙarfin Ingila har zuciyarsa. A ziyararsa ta 1851 ya roƙi manyan gwamnati su ɗauki mataki kan Sarki Kosoko na Legas saboda cinikin bayi, kuma a ƙarshen shekarar jiragen yaƙi suka yi wa birnin ruwan wuta, abin da ya share hanyar mamaye shi a 1861. Wanda jirgin yaƙin Ingila ya cire wa sarƙa yana yaro ba zai kalli jirgin da idon ɗan siyasar 1960 ba. Page ya mai da shi bara mai godiya, almajiran Ajayi suka mai da shi shahidin ƴanci, ko wace riga kuwa ta yi masa kaɗan.

Aikin da ya wanzu

Abin lura shi ne, a labaran biyu Crowther mutum ne da ake yi wa abu: a wajen Page an cece shi, a wajen Ajayi an wulaƙanta shi. Wurin da shi ne mai yi, wato aikin harshe, ya zama rakiya. Ajayi ya san darajar aikin, har ya rubuta maƙala ta musamman a 1960 kan yadda aka fara rubuta Yarabanci, sai dai zaren littafinsa yana jan mai karatu zuwa taron Anaca. A ganina teburin fassara ne ya kamata ya zama tsakiyar tarihin.

A 1843 Crowther ya buga ƙamus ɗin Yarabanci da bayanin nahawu. Sunan Yoruba kansa, wanda malaman ƙasar Hausa suka daɗe suna kiran mutanen Oyo da shi, littattafansa suna cikin abin da ya shimfiɗa shi a kan dukkan masu jin harshen. A watan Janairu na 1844 ya yi wa'azi da Yarabanci a Firitawun. Ya jagoranci fassarar Littafi Mai Tsarki, wadda aka kammala a tsakiyar shekarun 1880, ya shugabanci taron daidaita ƙa'idojin rubutu a Legas a 1875. Ya fitar da littafin koyon karatun Ibo a 1857, na Nufanci a 1860, da nahawu da ƙamus na Nufanci a 1864. Ya dage a riƙa sa alamar karin sauti a kan wasula, domin kunnensa na ɗan harshe ya san cewa in babu ita kalma ɗaya za ta iya zama uku. Malamin da ya taɓa tsayawa gaban allo yana bayyana wa yara bambancin gari na zama da gari na tuwo, alhali rubutun iri ɗaya ne, ya san nauyin wannan shawara.

Zaɓen kalmominsa ma abin nazari ne. Da ya nemi sunan limamin coci bai ɗauko daga bokayen gargajiya ba, ya ɗauki alufa, sunan da Yarabawa ke kiran malamin Musulunci. Addu'a ta zama adura, annabi ya zama woli, daga waliyyi. Ke nan Kiristan Yarabawa na yin ibada har yau da kalmomin da Musulunci ya shigo da su, wasunsu ta bakin Hausawa. Akwai kuma inda zaɓensa ya bar tabo: ya fassara Shaiɗan da Eshu, wanda a addinin gargajiyar Yarabawa ɗan aike ne tsakanin mutane da abubuwan bautarsu, kuma mabiya wannan addini suna ƙorafi a kai har gobe. Mai fassara yana da iko irin na alƙali, hukuncinsa kuwa yakan fi shi tsawon rai.

Irin wannan kunne ya kai fadojin sarakunan Musulmi. A ɗan littafinsa da aka buga a 1892, bayan rasuwarsa, ya ba da labarin yadda yana matashin malami a Saliyo ya cire wa wani ɗalibi laya, uban ya fusata, shi kuma ya je da Littafi Mai Tsarki da fassarar Alƙur'ani don ya yi muhawara da dattawan Musulmi, aka watse ba wanda ya gusa. Daga nan ya bar jayayya. Ya yi shekaru yana hulɗar mutunci da Etsu Masaba na Bida. A fadar Ilori a 1872 ya amsa tambayoyin malamai ta hanyar karanto ayoyi, ya fara da abin da ɓangarorin biyu suka yarda da shi game da Isa ɗan Maryamu. A tsakiyar shekarun 1880, da Etsu Maliki ya ga giyar Turawa na lalata ƙasar Nufe, Crowther ya aika wa saƙo ya roƙi Sarauniya ta hana shigo da ita, kuma kalmar barasa ta fito a wasiƙar har cikin fassarar Ingilishi da aka buga. Sarkin Musulmi ya ga bishop ɗin Kirista a matsayin wanda za a ba amanar magana. Samarin 1890 wannan haƙuri ne suka kira rauni. Robinson ya rasu a Lakwaja a 1891, Brooke a 1892, ba wanda ya ga Kano cikinsu.

Crowther da Dorugu

Abokin tafiyar Crowther na 1841, Schön, shi ya ɗauki Hausa. Bai taɓa taka ƙasar Hausa ba. Ya fara da Hausawan da aka ƴanto a Saliyo, sannan ya sami Dorugu, yaron da aka haifa a Dambanas kusa da Kance, aka kama shi bawa, aka kai shi Barno, Bature Overweg ya ƴanta shi, ya bi Heinrich Barth har Tambutu, ya isa Turai a 1855. Dorugu ya zauna gidan Schön a Ingila yana ba shi kalmomi da tatsuniyoyi da labarin rayuwarsa. Daga nan nahawun 1862 ya fito, da ƙamus na 1876 wanda ya ci kyautar Volney ta Faransa a 1877, da Magana Hausa na 1885, wanda ke cikin rubutun zube na farko da aka buga da Hausar boko.

Yara biyu ke nan da bauta ta raba da gida, kowanne da kaifin basira, kowanne ya zama ƙofar da harshensa ya bi ya shiga injin buga littafi. Ɗaya sunansa na kan bangon littafi, shi ke yanke hukuncin yadda za a rubuta kalma. Ɗayan yana faɗa ana rubutawa, kyauta da digirin girmamawa na Jami'ar Oxford suka tafi ga mai alƙalami: kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Sakamakon yana nan a shafi. Schön ya yi aiki tuƙuru kuma muna cin moriyarsa, amma rubutunsa bai raba ɓ da b ba, bai raba ƙ da k ba, bai kama karin sauti ba, abubuwan da Dorugu ke furtawa a gabansa kullum. Hausa tana da ajaminta da malamanta tun kafin wannan zamani, sai dai ba su aka tambaya ba sa'ad da ake aza harsashin boko. Dorugu ya koma gida a 1864, shekarar da aka naɗa Crowther, ya ƙare rayuwarsa a 1912 a Kano, inda ya koyar a makarantar Ɗan Hausa ta Nasarawa.

Kwatancin nan shi ke nuna ainihin abin da Crowther ya samu, da ainihin abin da aka ƙwace a 1890. Rigar bishop an iya mayar da ita ga Bature cikin shekara biyu. Rubutun Yarabanci kuwa ba wanda ya iya karɓe shi, domin mai harshen ne ya gina shi, kuma waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.

Kammalawa

A 2014, wajen bikin cika shekaru 150 da naɗin, Justin Welby, wanda ke Akbishop na Kantabari a lokacin, ya fito fili ya nuna nadamar cocinsa kan abin da aka yi wa Crowther. Wannan nasara ce ga karatun Ajayi a kan na Page, kuma ta dace. Wanda zai karanta littafi ɗaya kawai, ya karanta na Ajayi. Wanda ya sami na Page, ya bi sassan da bishop ke magana da bakinsa, ya yi hattara da sharhin da ke kewaye da su.

Mu kuwa da ke koyar da Hausa a gefen Faransanci, da ƙungiyoyinmu masu tattara tatsuniyoyi da waƙoƙi da kalmomin sana'a daga bakin tsofaffi, tarihin ya bar mana tambayar da za mu riƙa yi wa kowane aiki: wa ya faɗa, wa ya rubuta, wa ya yanke hukunci, sunan wa ke kan bango? Makaɗi ko ungozoma ko maƙerin da ya ba mu kalmominsa ya cancanci a rubuta sunansa, a kuma karanta masa abin da aka rubuta ya gyara. Kuma ya kyautu ɗalibin Kance ko na Matamai da ya haddace sunan Barth a darasin tarihi ya san sunan Dorugu, ya karanta labarinsa da Hausar da ya faɗe shi. Allah ya sa mu riƙe amanar harshe.